Saƙar Takalman Jarirai da Kwarashi: Inda Ribar Take da Inda Take Zurarewa

Daga cikin ƙananan sana'o'in da matan aure ke yi a cikin gidajensu, saƙar takalman jarirai da zaren ulu na cikin waɗanda ba su bukatar jari mai yawa. Abin da mai saƙa ke nema shi ne kwarashi guda, da ƙwallon zare, da almakashi, sai allurar ɗinke bakin zare. Kasuwar kuwa tana da faɗi, domin bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ana haihuwar jarirai fiye da miliyan 7 a Nijeriya kowace shekara, kuma al'adar kai kayan barka kafin ranar suna ta sa hula da safa da takalmi ba sa rasa mai saye.

Ana fara saƙar ne daga tafin takalmin, wanda tsawonsa ga sabon haihuwa yake kama wa daga santimita 8 zuwa 9. Daga nan a ɗaga gefe, a rage yawan ɗauri a wajen yatsu domin bakin ya rufe, sannan a ƙarasa da wuyan da zai kama idon sawu. Ƙwallon zare mai nauyin giram 50 kan isa a fitar da takalmi na jarirai biyu, idan saƙar ba mai kauri ba ce. Wani abin da ke taimakon masu wannan sana'a shi ne har yanzu masaƙu ba su da injin da ke yin saƙar kwarashi sak yadda hannu ke yi, saɓanin safar kanti da inji ke fitarwa dubbai a rana.

Sai dai a wajen lissafi ne mata da yawa ke tafka asara ba tare da sun ankara ba. Galibi sukan ƙidaya kuɗin zare kawai su ɗora ɗan abin da ya samu, su manta da sa'o'in da suka ɓata, da kuɗin mota zuwa kasuwa, da ledar da za a naɗe kayan. Wadda ta yi haka, aikin hannunta kyauta ta bayar. Gishirin lamarin shi ne a sanya wa kowace sa'a ta aiki farashi tun kafin a yi ciniki.

Zaren da aka fi amfani da shi, wanda ake kira ulu, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne. Na roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, kuma akan shigo da shi daga ƙasashe irin su Sin da Turkiyya. Saboda haka farashinsa yana bin darajar Naira sau da ƙafa. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, Dalar Amurka da ake samu a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,400 a watan Fabrairun 2024. Mai sayen ƙwallo ɗaya-ɗaya a shagon unguwa ita ta fi jin jiki, shi ya sa haɗa kuɗi a sari kwali daga manyan kasuwanni kamar na Legas, Anaca ko Kano ya fi sauƙi.

Ciniki yana tashi ne da shigowar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya ja baya da bazara, sai dai a wurare masu sanyi kamar Jos da tsaunin Mambila. Masu dabara kan yi amfani da watannin zafi wajen tara kaya, ko su koma zaren auduga wanda ba ya sa ƙafar jariri gumi. Akwai kuma gogayya da kayan gwanjo masu araha, waɗanda ba a iya karawa da su ta fuskar farashi, sai ta kyawun aiki da saƙa wa mai saye launi da girman da ya zaɓa.

Ga 'yan kasuwar da ke son sarar waɗannan kaya, ya kamata su juya cikin takalmin su duba. Zaren da aka bari yana lilo na iya naɗe yatsan jariri har ya hana jini gudana, maɓalli ko dutsen ado kuma na iya cirewa ya shiga bakinsa. Irin wannan takalmi a mayar wa mai saƙa ta gyara kafin a biya.