In Aure Ya Mutu, Wa Ke Da Gida?

A zamanin da Birnin Kudu da Gwaram su ke gundumomi ƙarƙashin En'e ta Kano, da wuya a ji miji da mata sun kai ƙarar gida gaban alƙali bayan saki. Gida na gandu ne, uba ya bar wa 'ya'yansa, mace kuwa in aure ya ƙare sai ta kwashe gadonta da kwanoninta ta koma gidan iyayenta. Yanzu fa abin ya sake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 garuruwan nan sun buɗe, ana yanka filaye a bayan gari, malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma ya sayi nasa ya yi gini da bulo. Sau da yawa kuwa akwai kuɗin matarsa a cikin ginin: albashinta in ma'aikaciya ce, ko kwasar adashi, ko kuɗin tumakin da ta sayar aka sayi kwanon rufi. To, in suka rabu, ita ta ce a sayar a ba ta nata, shi ya ce ba ya sayarwa, ina aka nufa? Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu, domin su ne a kan fara zuwa wurinsu neman shawara da rubuta takarda.

Da fari, a shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, aure ba ya gama dukiya. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne, ko sun shekara talatin tare. Waɗansu kan ji labarin Ingila, inda kotu ke iya raba dukiyar ma'aurata bayan rabuwa, su zaci haka ne a nan. A Nijeriya ma akwai dokar 1970 mai ba Babbar Kotu irin wannan iko, amma ta shafi auren rajista ne kawai, ba ruwanta da auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki. Abin da saki kansa ya ba mace a gidan shi ne wurin zama har ta gama idda, kuma surar Ɗalaƙi ta hana a fitar da ita (ko da ya ke mu al'adarmu ita ce a ɗaure kaya tun ran nan, abin da ba mu ga dalilinsa ba). In 'ya'ya na hannunta, ciyar da su da wurin kwanansu na kan ubansu. Duk wannan haƙƙin zama ne, bai sa ta mallaki ko bulo ɗaya ba.

Saboda haka matar da ke neman a sayar da gida, sai ta zo a matsayin abokiyar tarayya, watau wadda ta mallaki wani kashi na gidan. In ta tabbatar da haka, shari'a ba ta bar ta a rataye ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar nan, ta yanke magana: abin da zai rabu ba tare da cuta ba sai a raba shi, wanda ba zai rabu ba sai da cuta, in ɗaya ya nemi a sayar, a tilasta wa wanda ya ƙi. Gida mai fili da yawa, wanda za a iya ja masa katanga a fasa wa kowane sashe ƙofarsa, rabawa a ke yi, ko da yarda ko da ƙuri'a bayan an daidaita kima. Amma gida mai ɗaki uku da zaure ɗaya da rijiya ɗaya da makewayi ɗaya, ina za a ja katanga? Wannan shi ne wanda a ke sayarwa.

Muhtasar na Halil ya ƙara bayyana dalili. Ana tilasta sayarwa ne in kashin mutum zai faɗi a kasuwa idan aka sayar da shi shi kaɗai. Mu ɗauka misali an yi wa gida kima naira miliyan 6, mace na da sulusi. In an sayar da shi duka, nata miliyan 2 ne. Amma wane ne zai ba da miliyan 2 ya sayi sulusin gidan da tsohon mijinta ke zaune a ciki da amaryarsa? Wannan hasara ita ce cutar da a ke kawarwa. Shi kuma mijin ba a kore shi ba tukuna, domin yana da ikon ya karɓi kashinta a bisa kuɗin da aka taya, ya biya ta, ya ci gaba da zamansa. In kuwa ta riga ta sayar da kashinta ga wani bare, yana da haƙƙin shufa'a, watau ya biya mai sayen abin da ya biya ya karɓe, muddin bai yi shiru har shekara ta wuce ba alhali yana gari, ya kuma sani. A ganinmu wannan hukunci ya yi wa kowa adalci.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shaida. In miji da mata suka yi jayayya ba mai shaida, abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwa, saura kuwa a ba miji da rantsuwa, gida ma a gefensa ya ke faɗawa, tun da shi ne aka ɗora wa ba ta wurin zama. Ita ce mai da'awa, ita za ta kawo hujja. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarta. Amma wa ya ga lokacin da ta miƙa kuɗin? A ɗaki aka yi, da dare, ba kowa. Uwarta da ta sani, ba a karɓar shaidarta gare ta, haka ɗanta. Ko ma an tabbata ta ba da kuɗin, da sauran tambaya: kyauta ce, ko rance, ko tarayya? In kyauta ce, ta tafi. In rance ne, abin da ta bayar za a mayar mata, ko da siminti ya ninka kuɗinsa sau nawa. Tarayya kaɗai ke ba ta kashi a gidan har ta nemi a sayar. A ƙauyukan Gwaram kuwa, inda a kan gina ɗaki a cikin gidan gandu, filin ba na mijin kaɗai ba ne balle a sayar. Iyakar abin da za ta nema shi ne kimar abin da ta kashe.

Sa'an nan ga dokar ƙasa. Tun daga dokar 1910 har zuwa ta 1962, ƙasar Arewa tana hannun hukuma ne, mutum haƙƙin zama kawai gare shi, dokar filaye ta 1978 kuma ta shimfiɗa wannan a Nijeriya duka. Gidan da ke da takardar Gwamna ba ya canja hannu sai da yardar Gwamna, kuma Babbar Kotu ce ke jin jayayya a kan mallakarsa. Wanda ke kan haƙƙin gargajiya sai da yardar ƙaramar hukuma, kotun shari'a kuwa tana iya jin ƙararsa. Ga wani tarko da masu rubuta takardar ɗaukaka ƙara su kan faɗa: sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Jayayyar mallakar gida zalla ba ta ciki. Mace ta yi ta zirga-zirga zuwa Dutse, ta ci nasara, daga baya a rushe hukuncin domin kotun ba ta da hurumi.

Abin da mu ke roƙon malamai da akawuna ke nan. In an zo gare ku rubuta takardar cinikin fili, ku tambaya ko kuɗin na mutum ɗaya ne. In akwai na matarsa a ciki, a sa sunanta, a faɗi kashinta, rabi ne ko sulusi, a rubuta cewa tarayya ce. In an riga an sayi filin, ita kuwa rufi za ta yi, a yi wata takarda dabam da kwanan wata da yawan kuɗin. Shaidu su zama maza biyu baligai waɗanda ba iyayenta ba, ba kuma 'ya'yanta ba, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, a yi kwafi biyu, ɗaya ta ajiye a gidan iyayenta.