Ajiyar Albasa: Daga Shawara Zuwa Sana'a

Kowace shekara idan an kwashe albasar rani a fadamun ƙasar Tambuwal da Kebbe, wajen watan Maris da Afrilu, sai kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. In damina ta yi nisa kuwa, albasa ta yi wuya, kuɗinta ya hau. Samari da yawa sun lura da wannan, har sukan ce ai ga dukiya nan kwance: a saya da araha, a ajiye, a sayar da tsada. Shawarar ba ta da laifi, amma kafin ta zama sana'a sai an yi lissafin ruɓa.

A ce mutum ya sayi buhu 10 ya zuba a rudu, watau rumfar kara da ake ajiyar albasa. Albasa ruwa ce: wata ta rame, wata ta tsira, wata ta ruɓe ta shafi ta kusa da ita. Idan buhu 7 ne suka fita lafiya, to, sai farashi ya ƙaru da kusan rabi kafin ya mai da uwar kuɗinsa, ban da kuɗin kara da na 'yan dako da na mota. Saboda haka shekarar fari ta gwaji ce. A fara da abin da in ya salwanta gida ba zai kwana da yunwa ba, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafi.

Ribar kuwa tun a gona take farawa. Albasar da aka cika wa takin yuriya, ko aka yi ta ba ta ruwa har ranar cira, tana da kyan gani, amma ba ta jimre ajiya. Mai wayo yakan san manomin da zai saya a wurinsa, wanda ya yanke ruwa wajen mako biyu kafin cira, ya bar wuyanta ya bushe. A ware mai rauni da mai kaurin wuya, a sayar da su nan take. Rudu kuma a ɗaga shi daga ƙasa, iska ta ratsa, ɗigo kada ya taɓa.

Sa'an nan batun mai saye. Aliero da Jega ba su da nisa, can fatake suke lodi zuwa Kudu. Lalle mutum ya je ya san dillali tun kayansa suna rudu, domin wanda ya sauke kaya bai san kowa ba, yadda aka taya haka zai sallama.

Rance shi ne na ƙarshe. A shekarar 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, jama'a suka karɓa, biya ya gagari da yawa. Wanda ya yi shekara biyu yana ajiya da littafinsa a hannu, shi ya san buhu nawa rudunsa yake ci, shi ne kuma ƙungiyar gama kai za ta saurara in ya nemi ƙarin jari.