Ciwon Soriyazis: A Auna Magani a Cikin Jini Kafin a Yanke Ƙauna

A shafin kiwon lafiya na wannan fitowa za mu tattauna a kan wani ciwon fata da ya daɗe yana sa a ƙyamaci masu shi ba da haƙƙinsu ba, da kuma wani gwajin jini da ke taimaka wa likita ya gano dalilin da ya sa magani ya daina aiki.

Mene ne soriyazis?

Ciwo ne da ke fitowa faci-faci a fata, mai kauri da ɓawo kamar na kifi, galibi a gwiwar hannu da ta ƙafa, da fatar kai, da ƙasan baya. A baƙar fata yakan yi duhu ko ruwan toka, shi ya sa wasu ke ɗaukarsa makero ko amosanin kai. Asalinsa daga garkuwar jiki ne: takan rikice ta riƙa zuga fata, sai sabuntawar da aka saba yi cikin wata guda ta koma kwana uku zuwa huɗu, ɓawo ya taru. Yana bin jini a wasu gidaje, yana kuma iya taɓa farce da gaɓoɓi.

Abin da muke so kowane magidanci ya riƙe shi ne, wannan ciwo ba ya yaɗuwa ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zaman aure. Ba kuturta ba ne, ko da yake mutanen da sun daɗe suna haɗa su, har zuwa 1841 da likitan Ostiriya Ferdinand von Hebra ya raba tsakaninsu. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa ciwo ne mai tsanani da ba ya yaɗuwa, kuma rahoton hukumar na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da shi. Saboda haka babu dalilin matsawa daga mai shi a sahun salla, ko fasa auren ƴarsa.

Sababbin allurai

Mafi yawan masu ciwon man shafawa kan ishe su. Wasu sai an haɗa da hasken asibiti na musamman ko ƙwayoyin metotireksat. Waɗanda abin ya yi wa tsanani kuwa, akwai alluran da likitocin Faransa ke kira biyoterafi. Ana samar da su daga rayayyun ƙwayoyin halitta, kowace kuma tana toshe saƙo guda daga saƙonnin da garkuwar jiki ke aikawa don hura kumburi. Infiliksimab da adalimumab suna toshe wanda ake kira TNF. An amince da su don soriyazis a Amurka a 2006 da 2008. Daga baya aka sami ustekinumab a 2009 da sekukinumab a 2015, masu toshe wasu saƙonnin dabam.

A ƙasashenmu waɗannan allurai suna da tsada da wuyar samu. Amma gidaje da yawa suna da ɗa ko ƙanwa a Faransa ko Beljiyam, wasu kuma kan tafi jinya Tunisiya ko Maroko su dawo da magani. Idan dangi sun haɗa kuɗi an sayi allura, fata ta washe, sai bayan shekara ciwo ya dawo, nan ne zukata ke karaya. Wani ya ce maganin jabu ne, wani ya ce jifa ne, a watsar da asibiti gaba ɗaya. Alhali kuwa akwai tambayar da ba a yi ba: nawa ne ya rage na maganin a cikin jinin majinyaci?

Yadda gwajin yake

Mutum biyu za su iya karɓar adalimumab iri ɗaya, miligiram 40 duk mako biyu, amma abin da ke zama a jininsu ya bambanta ƙwarai. Nauyin jiki, da ƙarfin kumburi, da tsallake lokacin allura, duk suna rage shi. Haka nan jikin wasu kan ɗauki maganin a matsayin baƙo, ya ƙera masa makaman da ke kama shi su kashe ƙarfinsa.

Ana ɗibar jinin ne gab da allura ta gaba, lokacin da magani ya yi ƙasa iyakar yinsa. Masu bincike a Amsatadam ta ƙasar Holan sun wallafa a 2015 cewa ma'aunin adalimumab mai amfani ga soriyazis yana tsakanin miligiram 3.5 zuwa 7 a kowace lita. Wani bincike a Birtaniya a 2019, a kan majinyata 544, ya sami kusan haka, wato 3.2 zuwa 7, ya kuma nuna cewa awon makonnin farko na iya nuna yadda fata za ta kasance bayan wata shida.

Ga yadda likita ke karanta sakamakon. In magani ya yi ƙasa kuma babu waɗancan makamai, sai a binciki lokacin allura da yadda ake ajiye ta, ko a matso da tazararta zuwa mako-mako. In ya yi ƙasa kuma makaman sun yi yawa, ƙari ba ya cika amfani, sai a sauya magani. In ya kai ma'auni amma ciwo na nan, to ba a toshe ƙofar da ta dace ba, sai a koma wani rukuni. In kuwa ya wuce ma'auni kuma fata ta washe, likita na iya tsawaita tazara, kuɗin gida ya huta.

Gwajin yana da iyaka, kuma adalci ne mu faɗe ta. A Norwe an yi bincike biyu a kan infiliksimab, aka wallafa su a 2021, cikin masu cututtukan hanji da gaɓoɓi da fata. Na farko ya nuna awon a farkon jinya bai ƙara yawan masu samun sauƙi ba. Na biyu, a kan mutum sama da 450 da suka daɗe a kan maganin, ya nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na waɗanda ake auna wa jini sun shekara ciwo bai tashi ba, sauran kuwa kusan kashi 56. Hujjar ta fi ƙarfi ga masu toshe TNF fiye da sababbin allurai, kuma idon likita a kan fata shi ne alƙalin farko.

Haƙƙin da ke kan iyali

Gwaji ba ya faɗin gaskiya sai an faɗa masa gaskiya. A rubuta ranar kowace allura a littafi. In an tsallake saboda tafiya ko rashin kuɗi, a gaya wa likita ba tare da jin kunya ba, domin ɓoyewa na iya sa a watsar da magani mai kyau.

Ajiya ma amana ce. Ana tsare allurar a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta daskare. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Yamai ko Damagaram, da yawan ɗaukewar wutar lantarki, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Allurar da ta sha zafi na iya rasa ƙarfi ba tare da kamanninta sun sauya ba.

Kafin a fara, wajibi ne a yi gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da su daga barci, kuma dukansu sanannu ne a yankinmu. Matar da ke da ciki ko take son ɗauka ta sanar da likita, musamman in an haɗa mata da metotireksat, wanda ke cutar da abin da ke ciki.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta Duniyar Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta bayyana cewa allurar magani wadda ba ta tsayawa matsayin abinci ba ta karya azumi. Kada Ramadan ya zama dalilin jinkirta ta. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa, ko ya yi ta bayan buɗa baki.

Addininmu ya haɗa mana tawakkali da neman magani, ya kuma hane mu da almubazzaranci. Auna jini kafin a ƙara allura ko a watsar da ita yana cikin wannan tafarki. Muna kira ga mai irin wannan jinya, a ziyararsa ta gaba, ya tambayi likita ko akwai damar wannan gwaji. Mu kuwa maƙwabta da dangi, mu miƙa masa hannu mu gaisa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ciwo ya zama kaffara, Ya saka wa masu jinya da alheri. Amin.