Hutun Iyali A Bakin Tafki A Ƙasar Finlan

A ƙasar Finlan akwai ƙananan gidajen katako wajen 500,000 a bakin tafkuna da teku, inda mutanen birni kan kai iyalinsu hutu. Ƙarshen watan Yuni, sa'ad da rana ba ta faɗuwa a arewacin ƙasar, sai birane su yi tsit.

Can kuwa ba zaman banza a ke yi ba. Maigida ya faskara itace, ya hura wutar ɗakin wankan tururi, watau sauna. Uwargida ta gyara kifin da aka kamo, yara su ɗebo ruwa, don waɗansu gidajen ba famfo.

Abin da muka lura, a nan ɗan birni ya ke koyon riƙon gatari da tuƙin kwalekwale wurin kakansa. Ran da aka daina zuwa, ilmin nan ya bi tsofaffi.