Mallakar Wa Ce Kulle? Waiwaye kan Matsalar Kulle Fayil a Unix da Linux

Idan manhajoji biyu suka yi rubutu cikin fayil guda a lokaci guda, bayanan kan cakuɗe su lalace. Don guje wa haka ne babbar manhajar kwamfuta ta tanadi kulle fayil: wadda ta riga ta kulle sai ta gama aikinta, sauran su jira. Zuciyar babbar manhajar, wato kanel, ita ke riƙe da lissafin wanda ya kulle me. Wannan maƙala ta dubi yadda kullen kan kwance ba da sanin mai shi ba.

A tsarin Unix akwai manyan hanyoyi biyu: flock, wadda ta zo da 4.2BSD a 1983, da fcntl, wadda ƙa'idar POSIX ta 1988 ta ɗauka. Dukkansu kulle ne na yarjejeniya, domin manhajar da ba ta nemi izini ba, babu mai hana ta rubutu.

Aibin fcntl yana ga batun mallaka. Manhaja kan iya buɗe fayil guda sau da yawa, tamkar ɗaki mai ƙofofi, amma ƙa'idar ta danganta kullen ga manhajar gaba ɗayanta. Saboda haka, in ta kulle ta ƙofar farko, sannan wani sashenta ya buɗe ta biyu ya rufe, duk kullen da take da shi a kan fayil ɗin ya kwance, kuma kanel ba ya sanar da ita. Sai ta ci gaba da rubutu cikin natsuwa, alhali wata ta riga ta shigo. Masu SQLite sun lissafa wannan cikin hanyoyin da rumbun bayanai ke lalacewa. A 2014 ne Linux 3.15 ya kawo sabon kulle wanda ke bin buɗewar da aka yi shi da ita.

Tsare-tsaren fayil da ke gudana a wajen kanel sun ƙara wani ƙulli. FUSE, wanda ya shiga Linux 2.6.14 a 2005, yana miƙa buƙatun fayil ga wata manhaja ta daban. In manhajar ba ta ɗauki nauyin kulle ba, kanel kan yi shi a cikin kwamfutarsa kawai. Idan fayil ɗin yana nesa, kwamfutoci biyu za su iya kulle shi tare, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Wahalar gano irin waɗannan kurakurai ita ce sai an yi kiciɓis a daidai lokaci guda suke bayyana, don haka gwaji kan wuce lafiya. Ya kamata mai rubuta manhaja ya tantance abu biyu kafin ya dogara da kulle: wa ya mallake shi, kuma a wace kwamfuta aka ajiye lissafinsa.