Daga Lagdo zuwa Maga: yadda ake ɗora jirgin ruwa a kan tirela ba tare da asara ba

A nan Maruwa ba mu da kogin da jirgi zai bi duk shekara. Mayo Kaliyawo yashi ne zalla a yawancin watanni. Amma muna ganin jirage suna ratsa gari a bayan mota, daga tafkin Lagdo kusa da Garwa, wanda aka gama gina madatsarsa a 1982, zuwa tafkin Maga da kogin Logon. Kwale-kwalen katako a babbar mota ake lodinsa. Na roba mai inji kuwa sai tirela, kuma yawancin tirelolin masu walda ne ke haɗa su da ƙafafun tsohuwar mota.

Mun tsaya a bakin ruwa mun ga yadda ake fama. Iska ta taso, jirgi ya karkace, mutum huɗu a cikin ruwa suna turawa. Laifin ba na iska kaɗai ba ne. Sanduna biyun da ke tsaye a bayan tirela, waɗanda aikinsu shi ne su shigar da jirgi tsakiya, an yi musu walda a inda aka ga dama.

Gyaran ba shi da wuya. A fara zaunar da jirgin daidai tsakiya a busasshen wuri, a auna daga gefensa zuwa kowace taya har tazarar ta zo ɗaya. Sannan a matso da sandunan, a bar kamar faɗin yatsa biyu tsakanin kowace sanda da wurin da jirgin ya fi faɗi. In sun matse, za su kankare jikinsa. In sun buɗe da yawa, ba su da amfani. Shi ya sa muke ganin ɗaurin ƙusa da noti ya fi walda, domin ana iya kwancewa a sake saiti. A sa wa sandunan bututun roba, kuma su yi tsawon da direba zai hango su ko da tirela ta nutse.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shigar da tirela can cikin ruwa. Jirgi sai ya yi ta yawo a sama, bai taɓa katakon da zai zauna a kai ba, ana fitowa ya sauka a karkace. A bar kan katakon a waje, a jawo jirgin da igiya.

Saura hanya. Daga Garwa zuwa Maruwa kilomita 200 ne da ɗoriya, kuma direbobinmu sun san ramukanta. Jirgin da ya zauna a karkace yana ɗora nauyi a kan taya ɗaya, ƙasansa kuma na iya tsagewa, asarar da ba a gani sai an saka shi a ruwa da mutane a ciki. Sandunan ba ɗauri ba ne. A ɗaure gaba da baya, a ɗaga injin, kuma bayan 'yan kilomitoci a tsaya a sake jan igiya.