Aradu da 'Yan'uwansa: Manyan Jiragen Yaƙin Ruwa Masu Makamai Masu Linzami

Ni dai ɗan Daura ne, kuma shekarata goma sha shida a duniya ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne na rijiyar Kusugu, da na madatsar Sabke, sai kuwa kududdufan damina. Saboda haka na san wasu cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi dariya su ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, ku yi haƙuri ku ji dalili.

A hutun da ya wuce kawuna ya zo gida. Tsohon sojan ruwa ne. Wata rana da dare muna hira a tsakar gida, sai ya ce, "Ai ni na yi aiki a cikin Aradu." Kakarmu ta toshe kunne ta ce, "A'uzubillahi! Kai, bar ambaton wannan abu da dare." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ba ta sama nake nufi ba. Sunan jirgi ne." Tun daga ran nan na dame shi da tambaya, da muka komo makaranta kuma na shiga ɗakin karatu na ci gaba da bincike. Abin da na samo ke nan nake so in gaya muku.

Jiragen yaƙin ruwa, waɗanda kakanninmu ke kira manuwa, iri iri ne. Akwai uban gayya mai ɗauke da jiragen sama a bayansa, akwai mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, akwai kuma ƙanana masu sintiri a bakin gaɓa. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda Turawa ke kira distiroya, wato mai hallakarwa. Asalin sunan kuwa, a ƙarshen ƙarni na 19 an ƙirƙiro waɗansu ƙananan jirage masu gudun tsiya, masu sako nakiyar ruwa su nutsar da babban jirgi su gudu. Sai Ingila ta ƙera jirgin da zai bi su ya hallaka su, kamar Havock a 1893. A wancan zamani makaminsa igwa ce da nakiya. A 1956 ne Amurka ta fara ɗora makami mai linzami a kan wani jirginta irin wannan mai suna Gyatt.

Mene ne makami mai linzami? Mu mutanen Daura ba ma bukatar dogon bayani. Maharbi in ya saki kibiya, shi ke nan, ba shi da sauran iko da ita. Haka harsashin igwa yake. Amma ku dubi mahayi ran hawan Magajiya: dokinsa na cikin sukuwa, amma da ya ja linzami sai ya karkata inda yake so. To, wannan makami roka ce mai na'ura a goshinta. Bayan an harba ta, tana iya gyara hanya, ta bi abin da aka nufa ko da ya kauce.

Ranar da duniya ta tabbata wannan makami ba abin wasa ba ne ita ce 21 ga Oktoba, 1967. Ƙananan jiragen Masar suka harbo irinsa daga Fot Sa'id, suka nutsar da jirgin Isra'ila mai suna Eilat, mutum 47 suka mutu. Daga nan kowace ƙasa ta shiga taitayinta.

Aikin distiroya a yau ya yi kama da na 'yan lifida da 'yan sulke a zamanin da, waɗanda ke kewaye Sarki a fagen fama. Sarkin shi ne jirgi mai ɗauke da jiragen sama, ko kuwa ayarin jiragen 'yan kasuwa. Distiroya ke tare abin da ya fito ta sama, da na kan ruwa, da na ƙarƙashin ruwa. Idonsa shi ne rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta bugi abu ta komo, sai a gane nisansa da saurinsa. Kunnensa kuwa wata na'ura ce a gindinsa mai sauraren motsi a cikin ruwa. Makaman suna tsaye cikin ramummuka a ƙarƙashin daɓen jirgin, kamar ramukan dara, kowane da murfinsa. In an danna maɓalli murfin ya buɗe, makamin ya tashi sama sak, sa'an nan ya juya.

Ga inda wuyar take, kamar yadda malaminmu na kimiyya ya zana mana a allo. Da yake duniya ƙwallo ce, rada ta jirgi ba ta hango abin da ke tafe dab da ruwa sai ya matso kamar kilomita 30. Makami irin Exocet na Faransa kuwa yana gudun kimanin kilomita 1,100 a awa guda. Ku buga lissafi da kanku: bai kai minti biyu ba zai iso. Cikin wannan ɗan lokaci za a gan shi, a tabbatar na abokan gaba ne, a kakkaɓo shi. Ran 4 ga Mayu, 1982, a yaƙin tsibiran Fokland, jirgin Ingila mai suna Sheffield bai ankara ba sai da makamin Ajantina ya huda shi. Mutum 20 suka mutu, jirgin ya ƙone, bayan kwana shida ya nutse.

Ƙasashen da ke da irin waɗannan jirage ba su da yawa. Amurka ce a gaba da samfurin Arleigh Burke, wanda na farkonsu ya fara aiki a 1991, an kuwa ƙera fiye da 70. Tsawon kowane kamar mita 155 ne, wato filin ƙwallon makarantarmu ɗaya da rabi. Nauyinsa wajen tan 9,000, ramukan makamansa 90 zuwa 96, ma'aikatansa kimanin 300, kuma yana iya gudun fiye da kilomita 55 a awa. Cikin makamansa akwai Tomahawk mai cin kilomita 1,600. Da na auna a taswira sai jikina ya yi sanyi, domin in aka harbo shi daga tekun Ikko zai wuce Daura har ya shiga can cikin Nijar. Ƙasar Sin tana da samfurin da ake kira 055, mai ramuka 112, na farkonsu Nanchang ya fara aiki a 2020. Ingila tana da guda shida samfurin Daring. Japan da Koriya ta Kudu da Indiya da Rasha su ma suna da nasu. Abin da ya hana sauran ƙasashe kuwa kuɗi ne, don guda ɗaya na Amurka yana cin wajen dala miliyan dubu biyu.

To, ina Nijeriya? Ba mu da distiroya, amma mun kusa. Aradu ɗin da kawuna ya ambata, kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hambag ta ƙasar Jamus. An saka shi a ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa kamar mita 125, nauyinsa tan 3,360, yana da makamai masu linzami takwas samfurin Otomat na harbin jiragen ruwa, da Aspide na kakkaɓo jiragen sama, da babbar igwa, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Mu muna kiransa firigit, wato ƙanen distiroya. Abin mamaki, Ajantina ta sayi guda huɗu masu irin ƙirarsa daga kamfanin nan, ita kuwa distiroya take kiransu. Ashe suna linzami ne, kowa da inda yake jan nasa. A 2005 Aradu ya ƙetare teku har Ingila, ya shiga jerin jiragen duniya a bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga. Daga baya ya yi shekaru a ɗaure don rashin gyara, sai a 2023 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya don a farfaɗo da shi. Kawuna ya ce sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki. Ba Aradu kaɗai ke da sunan Hausa ba, an yi Dorina, an yi Damisa, ga kuma Kada da ya iso a 2022.

Wani uba zai ce, ina ruwanmu mu da ke nan bakin iyaka? Ruwanmu kuwa da yawa. Maganin asibiti, da injin ban ruwa, da babur, da wayar hannu da ake sayarwa a kasuwar Daura da ta Mai'aduwa, yawancinsu ta teku suka shigo. Daga ƙarshen 2023, da 'yan Huthi na Yaman suka riƙa harbin jiragen kasuwa a Bahar Maliya, distiroyoyin Amurka da na Ingila ne suka yi ta kakkaɓo makaman. Duk da haka jirage da yawa suka bar hanyar Suwez suka zagaya ta Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kamar kwana goma, kuɗin dako ya hau. A tekunmu kuma, cikin ma'aikatan jirgi 135 da 'yan fashi suka sace a duniya a 2020, 130 a mashigin Gini aka sace su. A 2021 kuwa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya ƙaddamar da shirin tsaron teku a Ikko.

Sai dai kada a ɗauka girma shi ne kome. A 2000, a tashar Adan, wani ɗan ƙaramin kwalekwale cike da nakiya ya fasa cikin distiroyan Amurka mai suna Cole, ya kashe mutum 17. A Bahar Maliya kuma an riƙa harba makamin miliyoyin dala don a kakkaɓo jirgi marar matuƙi mai araha. A ganina, ƙasa irin tamu ta fi bukatar jiragen sintiri masu lafiya, da ma'aikatan da suka san gyaransu, kafin ta yi mafarkin distiroya.

Daga ƙarshe, bari in faɗi abin da ke raina. Ina so in na gama in nemi shiga Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, ɓangaren sojan ruwa. Mahaifiyata ba ta yarda ba tukuna, ta ce ko iyo ban iya ba. Na gaya mata iyo koyonsa ake yi, kuma Awwal Zubairu Gambo, wanda ya shugabanci sojan ruwan Nijeriya daga 2021 zuwa 2023, mutumin Kano ne. Ta ce in fara cin lissafi da kimiyya tukuna, sa'an nan mu yi magana. Na kuwa karɓi sharaɗin, don kawuna ma ya ce a cikin irin jirgin nan mai lissafi ya fi mai ƙarfi amfani.